Tumatirin Bayan Ƙyaure

Duk wanda ya taɓa kiran Namadi magini aikin shafe a Anka ya san halinsa, ya kuma san sai ya tanadi haƙuri. Zai zo da sassafe, ya jingine kekensa a bakin zaure, ya sauke cokali da katakon shafe. Ga yashi an zube, ga siminti, ga ruwa cike da duro, amma ba zai kwaɓa ko kwano ɗaya ba sai an kira masa tsohuwar gidan. In barci take a tashe ta, in unguwa ta tafi a jira ta. Ta zo, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya nuna ɗakin da za a shafe ya ce, "Inna, akwai abin da kinka aje jikin bangon ga?"

Masu gida kan ji kamar su shaƙe shi. Rana na yi, lebura na zaune yana hamma, shi yana can yana hira da tsohuwa a kan bango. Samarin tasha har suna suka sa masa, wai Mai Gaida Bango, in ya wuce a keke su ce, "Malam, an tambayi garu ya kwana?" Shi dai ya ci gaba da taka kekensa. Su ɗin ba su san komai ba, kansu kamar na fara, banda dariya ba abin da suka iya. Wanda ya san abin da ya faru a gidan Arzika mai jakai ba ya yi wa Namadi wannan wasa.

Shi ne ɗan fari a wurin Dija, matar Arzika, wadda aka auro daga Zugu. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a ƙasar nan. Ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Dija kuwa ta kai kunyar nan maƙura. Ƙanwarsa Uwani ana kiranta da suna, a goya ta, a yi mata wasa. Shi kuwa "kai" ne, ko "wancan", da ya yi aure ya koma "mijin Safiya". Ranar da jaki ya harbe shi yana yaro, ya shigo da jini a goshi, sai ta kira maƙwabciyarta Hamsatu ta wanke masa, ita tana bakin murhu ta ba su baya. Arzika bai yi tsawon kwana ba. Ciwon ciki ya ɗauke shi wata damina, ya bar mata yara biyu da gurgun jaki da 'yar garka a bayan ɗaki. Abin da bakinta bai faɗa wa Namadi ba, a akushi yake tarar da shi. Miyarsa kullum ta fi ta kowa yawa, in tumatirin garka ya fara nuna kuwa, na farko a tuwonsa yake ƙarewa.

To, tumatirin nan shi ne maganar. Ba dogon nan ba ne mai taurin fata da ake lodawa a kwanduna zuwa Kudu. Gajere ne, mai faɗi, jikinsa tsaga-tsaga kamar ƙaramar kabewa, kafaɗarsa ba ta rabuwa da kore ko ya nuna tuɓus. Fatarsa ba ƙwari ko kaɗan, in ka sa shi a aljihu daga garka zuwa madafa sai ka wanke riga. Mummuna ne, a faɗi gaskiya, ba mai sayensa don kyau. Amma biyu sun ishi tukunya. Ga tsami, ga wani zaƙi da ke biyo bayan tsamin, in ya haɗu da daddawa har gida na uku sai sun san abin da aka ɗora. Ruwan damina kuma bai dame shi ba, lokacin da dogon ke ruɓewa a gindinsa shi a lokacin yake jin daɗin duniya. Daga hannun uwarta Dija ta karɓo irin, ƙulle a bakin zane, ranar da aka kawo ta Anka. Mutanen unguwa suka sa masa ɗan Zugu.

Yadda take ajiye irin ma nata daban ne. Wasu a tsumma suke shanyawa, wasu su cuɗa da toka su zuba a gora, ƙarshe ɓera ya ci ko danshi ya kama. Ita kuwa in kaka ta gabato sai ta zaɓi gindin da ya fi lafiya ta ɗaura masa ƙyalle, kowa ya san wannan ba na miya ba ne. In 'ya'yan sun nuna har sun saki jiki, ta tsinko, ta shiga ɗakinta ta tura ƙyaure, ta matse su a tafin hannu ta shafa a bango, can sama bayan ƙyauren, inda ɓera ba ya kaiwa, hayaƙin wutar da take hurawa lokacin sanyi kuma ya kori ƙwari. Ƙasar bango ta shanye ruwan, ƙwayoyin su manne. Ruwan farko na sauka sai ta sa sakaina ta kankaro, ta yafa a komi, ɗan wurin da take renon dashe. Daga komin nan matan unguwa kaf suke ɗibar dashe, kyauta, don a wurin Dija iri ba abin sayarwa ba ne. Shi ya sa ba wadda ta taɓa wahalar da kanta da ajiye nata, tunda ga Dija nan.

Namadi ya sha ganin tabon nan a bango. Amma ɗan fari ba ya zaman ɗakin uwa, tun yana ɗan saurayi kuma yake bin magina gari-gari. Shi dai ya san miya daga garka take zuwa, bai taɓa tambayar daga ina garkar take zuwa ba.

Da aka buɗe aikin madatsar ruwa a Bakolori, wajen Talatar Mafara, magina da leburori suka yi ta kwarara can, shi ma ya bi. A can ya ga siminti ganin idonsa, ya koyi kwaɓi, ya koyi awo, hannunsa ya faɗa. A can kuma ya kwaso wata cuta, ta raina duk abin da aka yi da ƙasa. In ya zo gida ya ga bangon makuba sai ya taɓe baki, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce wannan ai zaman kogo ne. Shekarar da aka yi zaɓe soja suka sauka, rani ya yi nisa, sai ga shi ya dawo da rediyo a kafaɗa da buhunan siminti a bayan akori-kura, yara na bin motar da gudu. A yi masa adalci, ba don ɗakinsa ya sayo ba, don na Inna ya sayo. Ya tarar ba ta nan, ta tafi Gummi, Uwani ta haihu, sai an yi arba'in za ta dawo. Abin ya yi masa daidai. So yake ta dawo ta tarar da ɗakin da babu irinsa a unguwar, ko Allah zai sa sau ɗaya a rayuwa ta dube shi ta ce ya yi.

Ya fitar da gado da jeren kwanoni da tukwane tsakar gida, ya kama kankare bango da bakin fartanya don siminti ya sami wurin kamawa. Matarsa Safiya a lokacin amarya ce, damina ɗaya ta yi a gidan, ita ke jido masa ruwa. Ta shigo da tulu daidai lokacin da ya tura ƙyaure ya ɗaga fartanya.

"Malam," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "wurin ga na bayan ƙyaure, da ka bar shi har Inna ta komo."

"Wane wuri? Wagga dauɗa?"

"Ina ga kamar akwai abin da..."

"Kina ga kamar mi? Ke da anka kawo jiya, ke za ki koya mani gini? Aje tulun ki ƙaro wani."

Ta ajiye, ta fita. Da ya tsaya ya ji ƙarshen maganar nan da ba mu da labari yau, amma ina, mutumin Bakolori ba ya sauraron mata. Ya kankare wurin tas, ya haɗa da sauran ƙasar da ta zubo, ya baza a tsakar ɗaki, ya jiƙa, ya daka, ya zuba daɓen siminti a kai. Bango ya sha shafe, ya sha farar ƙasa. Aiki dai ya yi kyau, ko maƙiyinsa ba zai ce bai yi ba.

Ranar da Dija ta sauka daga motar Gummi, matan unguwa sun riga ta cika gidan, kowa na son ganin fuskarta. Hamsatu har guɗa ta rangaɗa. Dija ta tsaya a bakin ƙofa da ƙunshinta a ka, ta dubi daɓe, ta dubi bango. Ta shiga. Ba ta je wajen gado ba, ba ta duba jerenta ba, ƙyaure ta fara turawa ta leƙa bayansa. Namadi yana daga tsakar gida yana hango ta, ya ɗauka aikin take dubawa, ko ya bar wani lungu. Ta ɗaga hannu ta ɗora tafinta a wurin, ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta ce da Hamsatu, "Ki ce ma mijin Safiya ya yi aiki. Allah shi yi albarka." Ko da ta bakin wata ne, wannan shi ne yabo na farko da ya taɓa samu daga wurinta. Ya yini yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da Makka. Bai lura Hamsatu ta daina guɗa ba, bai kuma lura Safiya ta shige madafa ta ƙi fitowa ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari. Komin Dija na nan a bushe, ciyawa ta fara cinye shi. Mata su shigo da 'yar ƙwarya neman dashe kamar yadda suka saba, su yi ƙus-ƙus da ita a ɗaki, su fita da ƙwaryarsu wayam, in sun gamu da shi a zaure su gaishe shi su sunkuyar da kai. Miya kuwa yau kuka, gobe kuɓewa, jibi a aika kasuwa a sayo kauɗa, busasshen tumatirin rani, baƙi ƙirin ba ƙamshi. Wata rana da azahar Safiya ta ajiye masa tuwo, ya kai loma ɗaya ya yamutsa fuska.

"Wai bana lafiya garkar Inna? Ko tsufa na ya hana ta?"

Safiya ta juya za ta fita.

"Da ke nika magana."

"Inna ta ce kar in faɗi."

"Ni kuma na ce ki faɗi."

"Irin yana ƙarƙashin daɓen da kay yi, Malam. Shi na nis so in gaya maka ran nan. Abin da kak kankare bayan ƙyaure ba dauɗa ba ta, ɗan Zugu na. Kuma babu wani, duk unguwar ga an bincika."

Hannunsa na cikin akushi, a nan ya tsaya. Sai ga shi yana ganin tafin Inna a jikin farin bango, yana jin muryarta tana sa masa albarka. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya tashi ko hannu bai wanke ba. Ya same ta a inuwar rumbu tana tsintar wake, ya durƙusa.

"Inna, ashe ɓarna niy yi."

Ba ta ɗago ba. "Wa yag gaya maka? Ɗaki ya yi kyau, bana ko ƙuma ban ji ba."

"Bari in fasa daɓen."

"Ka fasa ka sami mi? An jiƙa, an daka, an rufe. Tashi ka ba ni wuri, ka tare mani haske."

Gaskiya ta faɗa, shi ya fi kowa sanin yawan ruwan da ya kwarara wa ƙasar nan. Da ta zage shi, da ta jefe shi da faifan da ke hannunta, da ya sami sauƙi. Amma kunyar da ta hana ta yabonsa ita ta hana ta yi masa faɗa, sai ta bar shi da abinsa ya ɗauka shi kaɗai. Abin da uwarta ta ƙulle mata a bakin zane, abin da ya ratsa mutuwar miji da shekarun yunwa bai ɓata ba, shi ya binne shi a yini ɗaya, yana fito yana jin rediyo.

Daga nan rayuwar Namadi ta karkata. Bai koma Bakolori ba. Ya hau keke ya nufi Zugu, ya tarar gidan kakarsa ya zama kango, jikokin dangi sun koma shuka dogo a bakin gulbi. Wani dattijo ya yi masa dariya ya ce, "Wa ka shuka wanga yanzu? Abin da bai kai Gusau ba ya zama ruwa." Ya shiga bin kasuwanni, Nasarawar Burkullu, Bukkuyum, Gummi, duk inda aikin gini ya kai shi sai ya daidaita da ranar kasuwa. Ka ga ƙaton magini, gemu ya fara fitowa, tsugune gaban tsohuwa mai kashin tumatir, yana juya ɗaya yana shinshina, yana tambayarta daga ina uwarta ta samo. Wasu su ɗauka taɓin hankali ne, wasu su ɗauka magani yake haɗawa. Duk wanda ya gani mai faɗi mai tsaga, ya saya ya lallaɓo shi gida a cikin hula.

Safiya ce ta koya masa sauran, ita da ya ce ba za ta koya masa komai ba. Ta nuna masa yadda ake barin ɗa ya saki jiki, yadda ake matsewa, yadda ake shafawa sama-sama kada ya yi kauri ya yi funfuna. A bangon ɗakinsa yake shafawa, kowane da alamarsa ta gawayi a gefe. Ɗakin nan har yau bai ga siminti ba, abokan aiki na yi masa tsiya, wai magini guda yana kwana a kogo. Garkar kuma ƙarama ce, ba ta ɗaukar duka, saboda haka kowace shekara in hadari ya fara haɗuwa a gabas sai su tsaya gaban bangon shi da Safiya suna shawarar wanda za a kankaro. Na Gummi ruwa ya yi masa yawa. Na Burkullu tsami zalla, kamar an jiƙa tsamiya. Na Bukkuyum ya ɗan kusa, har koren kafaɗar yana da shi, sai dai ƙanana yake yi. Su yi ta ja, ita ta ce a sake gwada wancan ko bara taki ne bai ishe shi ba, shi ya ce a'a, a ba sabon da ya samo wuri. A shekarar da ruwa ya ɗauke tsakiyar damina rabin abin da ya tara ya ƙone a komi, ya sake daga farko.

In sun nuna, Safiya ta yi 'yar miya a ƙaramar tukunya ta kai wa Inna, shi yana tsaye daga waje inda zai ji. Dija ba ta iya ƙarya ba, ko ta alheri. Ta dangwala da yatsa, ta juya a baki, ta ce, "Ta yi daɗi." Ta goge yatsa. "Amma ba shi ba na." Sannan ta ƙara da cewa, "Ki ce mai ya bari hakanan, ya koma ga aikinai." Kowace shekara haka, kowace shekara kuma sai ya ji kamar ranar ya kankare bangon. Ya rame, ya rage magana, rediyon ma ya ba wani. Uwani ta zo daga Gummi ta yi masa tatas, ta ce a kan tumatir zai kashe kansa ya bar yara, wa ya taɓa mutuwa don rashin tumatir? Shi dai ya san ba tumatir kaɗai ya binne ba.

Akwai wani Bafulatani, Labbo, da ke sauka da shanunsa a gonarsu kowane rani su bar musu taki. Ya san ciwon Namadi, kowa ma ya sani. Wata kaka sai ga shi da 'yar ƙwarya a rufe da faifai, ya ce tumatir ne, a wani tsohon mashekari inda makiyaya suka tashi ya tsinto, can wajen Gummi, sun fito da kansu a kan juji ba mai su. Namadi ya ɗaga faifan. Faɗin, tsagar, koren kafaɗar, komai sak. Sun riga sun lalace a hanya, ba su ciwuwa, iri kawai aka cira. Ya yini yana kallon tabon a bango, ya ƙagara damina ta zo.

Daminar ta zo da ciwon Inna. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya fita ranta, ta kwanta a ɗakin nan nata mai farin bango, kowa ya gani ya san tafiya ce ta matso. Namadi ya raba kansa biyu, rabi a bakin ƙofarta rabi a garka, yana roƙon Allah ya sa su nuna tana da rai. Suka nuna. Safiya ta ɗora ƙaramar tukunya, bai iya jira ba, ya tsuguna a bakin murhu ya karɓi ludayi ya ɗanɗana.

Tsamin na nan. Ya jira zaƙin da ke biyo baya, ya jira, bai zo ba. Wani ɗan ɗaci ne ma ya maye wurinsa. Harshen da aka raina da miyar ɗan Zugu ba a yi masa wayo, ba shi ba ne. Ya ajiye ludayin, ya ce da Safiya ta sauke kawai kada a kai, me za a ƙara wa mara lafiya. Sai muryar Inna daga ɗaki, a shaƙe, tana cewa ta ji ƙamshi, a kawo mata. Wannan karon shi ya ɗauka da kansa.

Ya durƙusa a kan daɓen da ya zuba da hannunsa, ya miƙa mata tasa, idonsa a ƙasa. Ta dangwala, ta kai baki. Ta daɗe tana juyawa. Yana jira ya ji abin da ya saba ji.

"Shi na," ta ce.

Ya ɗago. Kallonsa take, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi.

"Shi na, Namadi. Ka samo shi. Ka huta hakanan."

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, har ya ji kamar wani ake kira. Ya san ba shi ba ne. Ya san ta sani, ita da ta fi shi harshe, ya kuma san ta san ya ɗanɗana, don ɗakinta na kallon murhu. Matar da ba ta iya ƙarya ba ta yi ƙarya, ta kuma ajiye kunyar da ta riƙe tun tana yarinya, duk don ta sauke masa kaya kafin ta tafi. Hawaye ya zubo masa, ya ƙi sharewa.

"Alhamdu lillahi, Inna," ya ce.

Ta ɗan ci kaɗan, ta miƙo masa tasar, ta juya ta fuskanci bango. Ba ta kai yankan gero ba.

Bayan an share makoki, ya yagi ƙyalle daga tsohon zanenta ya ɗaura wa gindin da ya fi lafiya cikin na Labbo. Da 'ya'yan suka saki jiki ya tsinko, ya ɗauki kurfi da guduma ya shiga ɗakinta, ya tura ƙyaure, ya fasa simintin daidai inda ta ɗora tafinta, har tsohuwar ƙasa ta bayyana. Safiya ta ji bugu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, inda ta taɓa tsayawa da tulu.

"Malam, in yi magana?"

Ya ajiye gudumar, ya juyo gaba ɗaya. "Yi, ina jin ki har ƙarshe."

"Na ci miyar Inna damina guda, ban manta ba. Wanga ba shi ba na."

"Na sani."

"In don baɗi na, na Bukkuyum ya fi shi kusa."

"Ya fi shi," ya ce. "Amma ba bisa na Bukkuyum tak kira sunana ba."

Ya matse su a tafin hannu, ya shafa sama-sama yadda aka koya masa.

Da damina ta kewayo matan unguwa suka shigo da 'yan ƙorai, ya ba kowa dashe kyauta. Yara mata suka yi ta murna wai ɗan Zugu ya dawo. Hamsatu, ta tsufa tukuf a lokacin, ta ɗanɗana a miyar jikarta, ta dubi Namadi, ta ce Allah ya ji ƙan Dija, ba ta ƙara komai ba. Shi ma bai taɓa cewa shi ne ba, bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Inna ta ce ya huta, ya daina yawon kasuwanni, amma in ya gifta mai kashin tumatir idonsa kan tsaya a kai kafin ƙafarsa ta wuce. In kuwa aikin shafe aka kira shi, ko tsohuwar gidan ta rantse ba ta ajiye komai a bango ba, sai ya tura ƙyaure ya duba bayansa da kansa.